Jinjina ga Yakubu Muhammad, da Saƙo Daga Fagada

Shekara 15 Yakubu Muhammad ya yi a cikin harkar fim kafin ya tsaya gaban kyamara a matsayin jarumi. Ya shigo Kannywood a 1998 da alƙalami a hannu, yana rubuta labari yana tsara shi. Daga nan ya shiga rubuta waƙa da rera ta. Sai a 2013 ya fito a fim ɗin Gabar Cikin Gida tare da amininsa Sani Musa Danja. A tsakanin waɗannan shekaru muryarsa ta shiga gidajen da shi kansa bai san da zamansu ba. Ta shiga gidajen kallo na Jega, ta shiga motocin haya da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Yawuri, ta shiga ɗakunan amare a Aliero da Maiyama. Mutane suna haddace baitocin, suna kiran waƙar da sunan jarumin da ya motsa baki a fim, shi kuwa mai muryar yana iya ratsa kasuwa ba wanda zai ɗaga kai ya dube shi.

Wanda bai san yadda ake haɗa fim ɗin Hausa a wancan zamani ba, ba zai gane nauyin wannan aiki ba. Masana'antar ta faro ne a 1990 da fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, amma tun daga fitowar Sangaya a 1999 waƙa ta zama ita ce ke sayar da fim. Ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai yakan fara tambayar waƙoƙin da ke ciki kafin ya tambayi labarin. Furodusa zai zo wa mawaƙi da gundarin labari: ga saurayi, ga budurwa, ga iyayen da suka ƙi, ga kishiyar da ke tafe. Mawaƙin zai zauna ya fito da amshi, ya jera baitoci, ya raba su tsakanin murya ta namiji da ta mace, a shiga situdiyo, mai kiɗa ya ɗora da fiyano, a naɗa. Daga baya jarumi da jaruma su je bakin ruwa ko cikin lambu su bi waƙar da baki. Sau da yawa waƙar kan fita kasuwa tun fim ɗin bai fito ba, ita ce ke yi masa talla. In ta karɓu, fim ya ci kasuwa. In ba ta karɓu ba, jarin furodusa ya shiga uku.

A cikin wannan tsari ne ake lissafa wa Yakubu Muhammad waƙoƙi sama da 1,000. Adadin ba shi ne ya fi burge ni ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya iya saka soyayya a bakin Bahaushe ba tare da ya zubar masa da kunya ba. Aiki ne mai wuya. Mu mutane ne da miji ba ya kiran sunan matarsa a gaban surukai, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. A ce mawaƙi ya samo kalmomin da saurayi zai faɗa wa budurwa, uwa tana zaune a tsakar gida tana ji, ba ta tashi ta kashe rediyo ba, wannan gwaninta ce ta wanda ya san harshensa ya kuma san mutanensa. Ba duk mawaƙan fim suka tsallake wannan siraɗi ba, kuma waɗanda suka zame su ne suka jawo wa harkar yawancin zagin da take sha daga kan mumbari. Shi muryarsa mai sanyi ce, ba ya fizgar waƙa, yana barin kalma ta fito sarai har tsohuwar da ba ta son fim ta gane abin da aka ce.

Sai kuma maganar amana. Shi da Sani Danja suka kafa kamfanin 2Effects, suka yi tafiya tare fiye da shekara 20. Duk wanda ya san harkar fim ya san yadda kuɗi da suna ke raba abokai a cikinta, yau ana tare gobe ana musayar magana a jarida. Su biyun sun ga zamanin kaset, sun ga zamanin faifan CD, sun ga ƙuncin da ya biyo bayan 2007, lokacin da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta matsa wa masu sana'ar lamba, aka ɗaure wasu, wasu suka kwashe kayan aikinsu suka bar Kano. Sun ga yadda masu satar fasaha suka durƙusar da kasuwar faifai. Sun yi jakadancin kamfanin Glo tare. Ɗaya yana gaba ana yi masa tafi, ɗaya yana baya yana rubutu da waƙa, kuma hakan bai zama sanadin rabuwarsu ba. Wanda ya haƙura da zama a baya tsawon wannan lokaci, alhali yana da fuska da tsayi da lafazin da zai iya fitowa gaba, ya cancanci a yaba wa zuciyarsa kafin a yaba wa basirarsa.

An haife shi a 1973, ɗan asalin jihar Bauchi ne. Ke nan yana da shekara 40 ya fara fitowa a jarumi, shekarun da wasu jarumai ke fara komawa matsayin uba ko kawu. Bai tsaya a Kano ba. A 2016 ya fito a shirin Sons of the Caliphate na tashar EbonyLife tare da Rahama Sadau. A 2018 ya fito a MTV Shuga Naija, shirin da ya taɓo lafiyar iyali da zaman aure, batutuwan da mutanenmu ke jin nauyin tattaunawa a fili. A shekarar dai ya fito a Lionheart na Genevieve Nnaji, a matsayin Hamza, ɗan Alhaji Maikano, wanda Sani Mu'azu ya hau. An nuna fim ɗin a bikin finafinai na Toronto, Netflix ta saye shi, duniya ta kalla. A 2019 ya fito a 4th Republic na Ishaya Bako, labarin zaɓe da shari'ar da ta biyo bayansa.

A nan ne jinjinata ta fi ƙarfi. Shekara da shekaru, in Bahaushe ya bayyana a fim ɗin Kudu, to maigadi ne mai gurɓataccen Turanci wanda aka ajiye don a yi dariya, ko kuwa Alhaji ne mai kuɗi marar wayo da mata ke wankewa. Yaro a Inugu ko Fatakwal da bai taɓa haye Kwara ba, wannan ne Bahaushen da ya sani. Yakubu Muhammad, da Ali Nuhu da Sani Mu'azu da Rahama Sadau da wasu ƙalilan, sun shiga sun canza wannan hoto da jikinsu. A Lionheart an ga ɗan Arewa mai ilimi, mai natsuwa, wanda ake zama da shi a teburin ciniki a matsayin tsara, kuma labarin ya ƙare da haɗin gwiwa tsakanin kamfanin sufuri na Inyamurai da na Hausawa. Jawaban haɗin kan ƙasa da ake yi a ranar 1 ga Oktoba ba su kai wannan fitowa guda tasiri a zuciyar matashi ba.

Ba zan tsallake Fatal Arrogance ba. A 2020 hotunan fim ɗin suka fito, mabiya Harkar Musulunci a Nijeriya suka ce an shirya shi ne don a ɓata musu suna, hayaniya ta tashi. Yakubu ya fito fili ya ce ya yi nadamar shiga fim ɗin, ya kuma nemi a cire wuraren da ya fito. A masana'antar da kowa ke kare kansa ko da gaskiya ta yi halinta, wannan ma abin yabo ne. Sai dai lamarin ya tona wani abu da ya fi kuskuren mutum ɗaya girma. Muddin labarinmu a hannun wasu yake, mu kuma sai dai a kira mu mu hau matsayin da aka riga aka rubuta, to fuskar ɗan Arewa za ta ci gaba da zama hatimin da ake buga wa labarin da bai san farkonsa da ƙarshensa ba.

To, Malam Yakubu, Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Jama'a sun ba ka kunnensu sama da shekara 25, sun ba ka idonsu sama da shekara 10. Ga tukwicin da nake ganin ya rage a kanka, kuma ban ga wanda ya fi ka cancantar biyansa ba, domin kai ne ka ɗanɗani zama murya marar fuska, sannan Allah ya fito da kai sarari.

Abokan aikinka na situdiyo da yawa suna nan inda ka baro su. Misbahu M. Ahmad, Mudassir Ƙasim, Sadi Sidi Sharifai, Fati Nijar, Maryam A. Baba, Maryam Fantimoti, da wasu da dama da ko sunansu ba a rubuta a bayan kwalin kaset ba. Waɗannan muryoyi su suka ɗauki masana'antar a lokacin da take rarrafe. Yau ka buɗe YouTube ka nemi tsohuwar waƙar fim, za ka same ta da hoton jarumi da jaruma, da sunan fim, da sunan wanda ya ɗora ta. Wanda ya rubuta, wadda ta rera, wanda ya yi kiɗan, babu su. Kuɗin tallan da ke shigowa kuwa na mai tashar ne, wanda wataƙila ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da aka naɗi waƙar. Mawaƙin an sallame shi tun ranar da ya fito daga situdiyo, da abin da bai wuce kuɗin cefane ba. Matan cikinsu sun fi shan wahala, domin da yawa aure ya ɗauke su daga harkar, suna ji ana kaɗa muryarsu a gidan biki, ba su da ko sisi a ciki.

Indiya, wadda muka koyi wannan salo daga gare ta, ta bi ta wannan hanya ta wuce. Lokacin da fim ɗin Mahal ya fito a 1949, faifan shahararriyar waƙarsa bai ɗauki sunan Lata Mangeshkar ba, sunan da jarumar ke amsawa a cikin fim aka rubuta. Lata ba ta yi shiru ba. Ta yi tsayin daka sai an san mai murya, daga baya ta nemi a riƙa biyan mawaƙa kaso daga cinikin faifai, har suka saɓa da Mohammed Rafi a kan wannan magana, suka yi shekaru ba su yi waƙa tare ba. Albarkacin irin wannan tsayuwa ne Bahaushen da ya taso da kallon finafinan Indiya ya san sunan Lata da Rafi da Kishore Kumar, wanda shi ma mawaƙi ne kuma jarumi kamar kai. Mun san mawaƙan bayan fage na Mumbai, ba mu san na Kano ba.

Doka ma yanzu tana gefenku. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta amince da haƙƙin wanda ya rera ko ya taka rawa, ta kuma tanadi hanyar sa a sauke aikin da aka ɗora a intanet ba da izini ba. Amma doka ba ta aiki da kanta, kuma mawaƙiyar da ke zaune a gidan mijinta a Kurna ko Rigasa ba za ta iya bin sawun masu tashoshi ba. Ana buƙatar wanda ya san lauyoyin Legas, ya san yadda ake rubuta yarjejeniya a Nollywood, wanda kuma in ya yi magana a taron ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN za a saurara. Ka fara da naka. Waƙoƙin nan sama da 1,000, a jera su: shekara, fim, wanda ya rubuta, wadda kuka rera tare, wanda ya yi kiɗa, situdiyon da aka naɗa. A nemo na asali a juye su a na'ura, a ajiye kwafi a Jami'ar Bayero ko Gidan Arewa da ke Kaduna. In ka yi, wasu za su bi. Mu nan jihar Kebbi mun san abin da rashin ma'ajiya ke yi. Manomin Aliero yana noma albasar da ake ci har Legas da ƙasashen maƙwabta, amma kowace shekara wani kaso nata a rumbu yake ruɓewa kafin ta yi daraja. Haka waƙoƙinku ke lalacewa a cikin kaset ɗin da zafi da ƙura suka cinye, da kwamfutocin situdiyon da aka rufe aka sayar.

Babban saƙona kuwa daga Fagada yake.

Fagada gari ne a ƙaramar hukumar Maiyama, kuma duk ƙasar Hausa an san sunansa saboda mutum ɗaya: Alhaji Muhammadu Gambo, wanda aka fi sani da Gambu mai waƙar ɓarayi. Ƙasar Sakkwato da Kabi da Zamfara ta fitar da makaɗan da ba a yi kamarsu ba. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani sun yi wa sarakuna. Ɗan Anace ya yi wa 'yan dambe. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri. Gambu shi kuma ya ɗauki kalangunsa ya nufi mutanen da kowa ke tsine wa, ya kira su da sunayensu, ya wasa su, ya ba da labarin ƙarfin halinsu da kamunsu da ƙarshensu. Waƙoƙinsa sun bazu a kaset, yanzu suna cikin wayoyi. Malamai sun la'anci abin da yake yi, malaman jami'a sun yi nazarin harshensa, talakawa kuma suna saurare, wani don daɗin Hausar, wani don mamaki, wani don abin da ba zai faɗa ba. A ƙarshen rayuwarsa ya bayyana cewa ya tuba daga wannan waƙa. Ya rasu a 2016. Allah ya gafarta masa.

Ban kawo sunansa don in wanke waƙar ɓarayi ba. Wanda aka taɓa fasa wa ɗaki aka kwashe abin da ya tara, ko aka kore masa shanun huɗa ana gab da damina, ya san ba abin wasa ba ne a ji ana kirari ga wanda ya yi masa haka. Na kawo shi ne domin rayuwarsa tana ɗauke da tambayar da ta fi kowace matsa mana a yau: mene ne alhakin mai murya a kan abin da ya wasa? Ɓarawon zamanin Gambu da dare yake zuwa, yana tsoron a farka. Na yau da rana tsaka yake zuwa, a kan babur, da bindiga. A ranar 17 ga Yunin 2021 aka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri aka kwashe ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yan matan suka kusa shekara 2 a daji. Kuma a wannan zamani ma an samu masu yi wa 'yan bindiga waƙa, tana yawo daga waya zuwa waya, yara suna ji. Me ke sa mai basira ya ba azzalumi muryarsa? Talauci ne, ko tsoro, ko neman suna, ko fushi da masu mulki? Me yake ji in ya haɗu da wanda aka zalunta? In ya tuba, ina waƙoƙin da suka riga suka fita za su je? Wa'azi ya amsa hukuncin, kuma amsarsa a fili take. Amma nuna yadda zuciyar mutum ke kaiwa can da yadda take dawowa, wannan aikin mai ba da labari ne.

Shata ya samu masu rubuta tarihinsa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da littafi a kansa a 2006. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, ɗan jiharmu ta Kebbi, ya yi wa Narambaɗa littafi a 2009. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa masu yawa. Malamai sun sauke nasu nauyin. Amma mutum nawa ne a Fagada ko Andarai ko Sambawa za su karanta littafin jami'a? Fim kuwa har wanda bai taɓa shiga aji ba yana kallo a wayar ƙaninsa. Kannywood ta yi finafinai dubbai a kan soyayya da kishiya da gado, amma manyan makaɗan da harshenta ya tsaya a kan kafaɗunsu ba ta ba su haƙƙinsu ba.

Irin wannan fim yana buƙatar mutumin da ya haɗa sana'a huɗu, kuma su ne ka haɗa. Yana buƙatar marubucin da zai tsara labarin ba tare da ya mayar da ɓarawo gwarzo ba, ba kuma tare da ya mayar da makaɗin shaiɗan ba. Yana buƙatar mawaƙin da ya san abin da ke faruwa a ƙirjin mutum in amshi ya faɗo masa, da yadda tafi da kari ke bugar da mai waƙa har ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Yana buƙatar furodusan da ya san inda ake samo jari da inda ake kai fim bayan an gama. Yana buƙatar jarumin da shekarunsa suka kai ya hau matsayin dattijon da ke waiwayen abin da ya shuka. Sauye-sauyen sana'ar da ka yi, waɗanda wani zai ɗauka yawo ne daga wannan fage zuwa wancan, ni a wurina shiri ne na wannan aiki.

Kuma a yi shi da Hausar wurin. Wannan magana tana ci mana tuwo a ƙwarya mu mutanen yamma. A yawancin finafinan Kano, in ka ji an saka wa ɗan wasa Sakkwatanci a baki, to an kawo shi ne don ban dariya, ko baƙauye ne da ya shigo birni ya rikice. Abin da finafinan Kudu suka yi wa Bahaushe, wanda kai ka taimaka aka gyara, shi finafinan Kano ke yi wa Basakkwace da Bakabe. Alhali da wannan karin harshe Narambaɗa ya yi waƙoƙin da ake rubuta digiri a kansu, a wannan ƙasa kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a Gwandu ya yi rubuce-rubucensa. Yaron Jega da ke son shiga fim yau, abu na farko da yake koya shi ne ya ɓoye harshen uwarsa. Wanda ya san zafin a mayar da mutanensa abin dariya a Legas, bai kamata ya zuba ido ana yin haka a gida ba.

Kada a ce kasuwa ba za ta karɓa ba. Lionheart shi ne fim na farko da Nijeriya ta aika gasar Oscar, aka kuma cire shi a watan Nuwamban 2019 saboda Turanci ya rinjayi harshen gida a cikinsa. Wanda aka aika bayansa, The Milkmaid, yawancinsa da Hausa aka yi. A 2024 kuma Mai Martaba aka zaɓa, fim ɗin Hausa da Adam A. Zango ya fito a ciki. Duniya ta nuna cewa abin da take nema a wurinmu shi ne abin da ba ta da shi. Tarihin Sarauniya Amina ya hau Netflix a 2021 da Turanci. Kanta na Kabi, wanda ya gina Surame a ƙarni na 16 ya kuma tsaya wa rundunar Songhai da ta Barno, yana nan yana jira. Labarin Abdussalami da mutanen Gimbana, wanda ke cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadin 1804, a nan ƙasar Jega ya faru. Bikin kamun kifi na Argungu ya shiga kundin UNESCO tun 2016. Duk waɗannan suna nan, amma ni Gambu nake roƙo a fara da shi, domin su Kanta sun riga sun shiga littafi ba za su ɓace ba, shi kuwa tarihinsa a bakin mutane yake, kuma mutanen suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne. Hanya ba ta da cikakken tsaro, jari yana da wuya, kuma za a samu masu cewa an zo tayar da abin da ya kamata a bar shi a binne. Dole a nemi yardar iyalansa, a zauna da sarakunan yankin da malamai, a ji ta bakin waɗanda aka yi wa sata kamar yadda za a ji ta bakin waɗanda suka yi masa amshi. Ba kuma sai an fara da babban fim ba. A fara da kyamara ɗaya da na'urar ɗaukar magana, a naɗi tsofaffin da suka san shi tun yana yaro, da waɗanda suka rage cikin makaɗansa, da masu tsofaffin kaset a kasuwar Jega. Akwai jami'a a Aliero, akwai ta tarayya a Birnin Kebbi, cike da matasan da ke haɗa bidiyo da waya ba tare da wani ya taɓa nuna musu yadda ake tsara labari ko saita haske ba. Ka ɗauki 10 daga cikinsu su yi aikin tare da kai, ka koya musu kamar yadda aka koya maka a bayan fage a 1998, kuma a rubuta sunan kowannensu a ƙarshen fim ɗin, har da wanda ya riƙe fitila.

Malam Yakubu, in ka taso daga Sakkwato, Tambuwal za ka ratsa, sai Aliero, sai Jega, sai Maiyama. Daga nan kowa ka tambaya zai nuna maka hanyar Fagada. Ka zo da rani, bayan an gama girbi, lokacin da tsofaffi ke da sukunin zama su yi magana.